Yadda Ake Doguwar Tafiya Kai Kaɗai, Daga Ƙofar Gida Zuwa Masauki

Mutum biyu idan suna tafiya tare, ido huɗu gare su da hannu huɗu. Ɗaya ya zaga bayi, ɗaya ya tsare kaya. Wannan ya yi gyangyaɗi, wancan yana kallon hanya. Wayar ɗaya ta mutu, ta ɗayan tana nan. Mai tafiya shi kaɗai ba shi da wannan gatan, kuma yawancin wahalar da ke samunsa a hanya daga nan take tasowa: babu wanda zai bar wa jaka, babu mai tuna masa, babu wanda zai yi magana a madadinsa idan shi ya kasa. Saboda haka duk shirinsa na cike gurbin wannan mutum na biyun ne. Mu ɗauki doguwar tafiya ta mota, irin ta Kano zuwa Abuja ko Legas, mu bi ta daki-daki.

Ka ajiye mutum ɗaya a gida

Tun kafin ka taɓa jaka, zaɓi mutum ɗaya wanda ba ya barin waya tana ruri, ka ɗora masa tafiyarka. Mutum ɗaya, ba dangi duka ba, don idan ka gaya wa mutum goma kowa zai zaci wani yana bibiya. Abin da zai riƙe shi ne sunan tashar da za ka hau, garin da za ka sauka da unguwar, lambar mai masaukinka, sannan da zarar an yi lodi ka ƙara masa da hoton motar ta baya inda lambarta ta fito sosai, da lambar wayar direba idan ka samu.

Ku yi alƙawarin wuraren da za ka riƙa taɓa shi. A hanyar Kano zuwa Legas ta Abuja, misali, Zariya, Kaduna, Zuba, Lakwaja, Okene, Ibadan. Gajeren saƙo ya isa: "Mun wuce Zuba." Abin da mutane ke mantawa shi ne su faɗa masa abin da zai yi idan ya ji shiru. Ku tsayar da shi ƙarara: idan awa biyu ta wuce kan lokacin da ya kamata ya ji ka, ya kira ka; bai same ka ba, ya kira direba; shi ma bai samu ba, ya je tashar da lambar motar a hannu. In ba a yi haka ba, zai zauna ne yana cewa ƙila caji ne ya ƙare har gari ya waye.

WhatsApp yana da wurin nuna inda kake kai tsaye, na minti 15, awa 1 ko awa 8. Ɗauki na awa 8, amma ka sani zai ƙare tun ba ka kai Legas ba, sai ka sake kunna shi, kuma yana shan caji. Akwai dazuzzukan da data ba ta aiki. A irin wurin saƙon tes na iya fita inda WhatsApp ya maƙale. Sannan kada ka sa hoton tikiti ko na mota a sitatus ko Facebook kana hanya. Ka bari sai ka dawo.

Lissafin lokaci daga baya ake faro shi

Kada ka tambayi kanka ƙarfe nawa za ka tashi. Tambayi ƙarfe nawa kake so ka isa, ka lissafo baya. Baƙon da ya sauka da la'asar yana da ido, yana da shaguna a buɗe, yana da damar ƙin ɗakin da bai yi masa ba. Wanda ya sauka ƙarfe goma sha ɗaya na dare duk abin da aka ce masa sai ya karɓa. Ɗauki awoyin da direbobi suka ce hanyar tana ci, ka ƙara kashi ɗaya cikin uku saboda jiran cikar mota, shingaye, faci da gyaran hanya. Tafiyar da aka ce awa shida ce, ka rubuta takwas. Kenan in kana son shiga Abuja kafin la'asar, motar farko ta bayan asuba ce taka.

Kano zuwa Legas ta kai kilomita dubu, kuma babu yadda za a yi ta ba tare da dare ya riske ka ba, sai dai in ka raba ta biyu. In aljihu zai ɗauka, raba ta: ka kwana Abuja wajen wanda ka sani, ka yi sammako. Tafiyar dare ita ce ta fi haɗa gajiyar direba, manyan motoci da miyagun mutane wuri ɗaya, kuma akwai hadisi ingantacce da ya yi gargaɗi kan mutum ya yi tafiyar dare shi kaɗai. Game da wace hanya ce lafiya, labarin watan jiya ba ya amfani. Hanyar Birnin Gwari zuwa Tegina da Mokwa ta daɗe da suna wajen 'yan bindiga, amma kowace hanya tana da ranakunta. Direban da ya shigo da safiyar nan shi ne jaridarka. Je tasha ana gobe za ka tafi, ka tambayi biyu ko uku daban-daban. Idan jirgin sama za ka bi tsakanin Disamba da Fabrairu, hazo yana sa a ɗage tashi, don haka kada ka sa muhimmin alƙawari a ranar da za ka sauka.

Kaya: abin da za ka iya ɗauka a tashi ɗaya

Ma'aunin kayan mai tafiya shi kaɗai ɗaya ne: ya iya ɗaukarsu duka a tashi ɗaya, ya hau gadar tsallake titi da su, hannu ɗaya yana sake. Duk abin da zai sa ka ajiye rabi ka koma ɗauko rabi ya yi yawa, domin a tsakanin zuwa da dawowar nan ne kaya ke yin ƙafa.

Kasa su hawa uku. Hawa na farko babbar jaka ce da za ta shiga but: tufafi, takalmi, abin da in ya ɓace za ka ji haushi amma tafiya ba za ta tsaya ba. Sa mata ƙaramin kwaɗo, ka ɗaura mata ƙyalle mai launi a hannu, don baƙaƙen jakunkuna da Gana-mas-go duk kamarsu ɗaya a duhu. Ka rubuta sunanka da lambar mutumin nan na gida a takarda ka jefa ciki. Hawa na biyu ƙaramar jakar goyo ce wadda ba ta rabuwa da kai ko bayi za ka shiga: caja, fawa bank, magani, ruwa, guzuri, tocila ƙarama, rigar sanyi mara nauyi, kwamfuta in akwai, da kaya saiti ɗaya. Hawa na uku shi ne abin da ke manne da fatarka: katin shaida, katin banki, babban kuɗi. Fatake da lalita suke ɗaura wannan a ƙugu ƙarƙashin riga, kuma har yau ba a samo dabarar da ta fi ta ba. Aljihun gefe na kaftani kyauta ne ga ɗan sane a cunkoso.

Magani kada ya yi nisa. Farasitamol, gishirin zawo na ORS ƙulli biyu ko uku, filasta, da maganin da kake sha kullum tare da ƙarin na kwana uku. Ƙulli ɗaya na ORS a lita ɗaya ake zuba shi, wato ledar fiya wata biyu. In babu, lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, sukari ƙaramin cokali shida a shafe, gishiri rabin ƙaramin cokali. Mai ciwon suga, hawan jini, asma, farfaɗiya ko sikila ya rubuta ciwon da sunan maganinsa a kati ya haɗa da katin shaidarsa, tunda babu wanda zai yi bayani in ya faɗi. Maganin hana amai a mota yana sa barci mai nauyi. Wanda ba shi da mai tsare masa kaya ya yi tunani kafin ya sha, ko ya maye gurbinsa da zama kusa da taga, cin abu kaɗan da tauna citta.

Kuɗi da waya

Raba kuɗinka uku. Canji na ruwa, abinci da ɗan dako a aljihun da hannu ke kaiwa, ƙananan takardu, don kada ka riƙa zaro dami a gaban jama'a. Kuɗin masauki da na zirga-zirga a lalita. Sai kuɗin komawa gida, wanda za ka naɗe ka ɓoye wani wuri daban, cikin safa ko ƙasan jakar goyo, ka ɗauka babu shi. Kada ka dogara da tiransifa kaɗai. Ranar da netwok ya ɗauke, direba ba ya jin "ya fita daga wajena". Haka asusun da ke haɗe da wayar da ke hannunka, bar masa abin tafiyar kawai.

A wayar akwai ayyuka huɗu da ba sa cin minti goma. Danna *#06# ka kwafe lambar IMEI a takarda. Sa wa layinka lambar sirri ta SIM, domin ɓarawon waya yanzu ba wayar ce ta dame shi ba, layin yake so ya sa a wata waya ya shiga asusunka. Ka dai lura, in ka yi kuskuren lambar sau uku layin zai kulle sai da PUK, wadda ke jikin katin da aka ɓallo layin. Nemi lambar da bankinka ya tanada don rufe asusu daga kowace waya, ka rubuta. Sannan ka sauke taswirar garin da za ka a Google Maps don ta yi aiki ko babu data. Duk waɗannan, da lambobin mutum uku, su hau takarda ɗaya da biro. Mutane da yawa ba su haddace ko lambar matarsu ba, sai waya ta tafi suke ganewa.

Fawa bank mai 10,000 zuwa 20,000 ya ishi tafiyar kwana ɗaya, kuma a jirgin sama a hannu ake riƙe shi, ba a sa shi cikin kayan awo. In da hali, riƙe ƙaramar waya mai madannai da layin wani kamfani daban. Lambar gaggawa ta ƙasa 112 ce, ta hukumar kiyaye haɗurra 122.

A tasha

Shiga cikin tasha ka hau mota. Wannan ita ce ƙa'idar da aka fi karyawa saboda ragin 'yan nairori. Motar cikin tasha tana da layi, 'yan ƙungiya sun san direbanta, akwai inda za a je a tambaya. Motar bakin titi ba ta da uban gida. A Kano kowace hanya da tasharta: Unguwa Uku ga masu bin hanyar Zariya, Ƙofar Ruwa ga Katsina da Daura, Mariri ga hanyar Maiduguri, 'Yankaba ga Haɗeja, dogayen bas na kudu kuma a Sabon Gari. A Kaduna akwai Kawo da Mando, a Abuja Jabi, Utako da Zuba.

Tun daga ƙofa 'yan kamasho za su yi maka caa, wani ma ya kama jakar. Kada ka sake ta. Ka ce "na gode, ina da mota", ka wuce har inda motocin garin suke, ka tambayi wadda ke kan layi. Leƙa ciki da kyau. Akwai masu zama a mota don ta yi kamar ta kusa cika. Alamarsu ba su da kaya, ba su ƙosa ba, kuma da fasinja na gaske ya zo sai ɗaya ya sulale. Tambayi kuɗin a wajen fasinjan da ya riga ka, ka kuma tambayi direba a gaban mutane: "Kai tsaye ne, ko za a sauya mota a hanya?" Dalili shi ne wasu direbobi suna sayar da fasinja: a kai ka rabin hanya, a juye ka a wata motar da ba ka ɗauki lambarta ba, wani lokaci har a nemi ciko. In hakan ta faru, kada ka sauke jakarka sai ka ga sabon direban ya karɓi kuɗinka a idonka, sannan ka tura sabuwar lamba gida.

Zagaya motar sau ɗaya kamar mai miƙe ƙafa. Dubi tayoyi: in zanen ya shafe ko akwai kumburi a gefe, bar ta. Dubi ko akwai safaya. Dubi yadda lodin ya danne bayanta. Dubi idon direba da yadda yake magana. Ka ga abin da bai kwanta maka ba, jira ta gaba; asarar awa ɗaya ce.

Takardar sunayen fasinjoji da ake miƙowa, yawanci a kan yi mata rubutun ganin dama. Kai ka cike ta tsakani da Allah: cikakken suna, da lambar mutumin nan na gida a gurbin ɗan'uwa, da rubutu mai karantuwa. Idan wani abu ya faru ita ake fara dubawa. Tsaya ka ga an sa jakarka a but, ka san gefen da take. Wajen zama, gefen taga a tsakiyar mota ya fi. Bayan ƙarshe ya fi jijjiga, gaba kuma in za a cusa mutum biyu ne gara ka biya kuɗin kujerar duka ka ɗaura bel. A doguwar bas ka guji kujerar ƙari da ake jerawa a tsakiyar hanya.

Sai maganar saƙo. Wani zai zo da fara'a, "Don Allah ɗan'uwa, ga ɗan ƙulli ka miƙa wa ƙanena a Zuba." Kada ka karɓa. In jami'an hana sha da fataucin miyagun ƙwayoyi ko na kwastan suka buɗe, wanda abin ke hannunsa shi ne mai shi. Amsar ita ce ya ba direba ko ofishin tasha. Ko na wanda ka sani ne, a buɗe a gabanka.

Cikin tafiya

Ka yi sallama, ka gaisa da na kusa da kai, ku ɗan saba. Yana da amfani, don shi ne zai ce "akwai saura mutum ɗaya" idan direba ya tayar. Amma hira tana da iyaka. Garin da za ka ba sirri ba ne. Abin da za ka yi, kuɗin da ke jikinka, da cewa ba ka san kowa a can ba, waɗannan naka ne. Ko ba ka da mai tarba, "ana jirana" ita ce amsa, kuma gaskiya ce tunda akwai mai jiran saƙonka. In waya ta shigo ana maganar ciniki, ka ce za ka kira in ka sauka.

Abin ci ko sha daga hannun wanda ba ka sani ba, a bar shi, ko a rufe yake. An sha sa wa matafiya abin barci a lemo ko biskit. Ba sai ka ɓata wa kowa ba: "Alhamdu lillahi, yanzu na ci, Allah ya saka." Guzurinka ya zama busasshe, dabino, gyaɗa, burodi, ƙuli-ƙuli, kilishi. Ranar tafiya ba ranar gwada sabon abinci ba ce. In za ka saya a hanya, sayi wanda ke tururi a gabanka, ka bar salak, yankakken kankana da miyar da ta huce. Ruwa kuwa kurɓa kaɗan-kaɗan; masu ƙin sha gaba ɗaya don gudun fitsari su ne ke sauka da ciwon kai.

Wurin tsayawa cin abinci shi ne inda aka fi barin mutum. A ce an tsaya Lakwaja da dare: bas goma jere, launi ɗaya, fitilu na kashe ido, masu kifi da burodi sun kewaye ko'ina. Kafin ka taka ko'ina, juya ka karanta lambar motarka, ka lura da abin da ta tsaya kusa da shi wanda ba ya motsi, kamar allon shago ko turken lantarki, ba wata motar ba. Tambayi direba minti nawa. Goya jakarka ta gaba. Fara da bayi, sai alwala da salla, sai abinci a leda, ka dawo ka ci kusa da mota. Wanda ya fara da abinci shi ne ake yi wa hon yana raka'a ta biyu. A masallaci jakar tana gabanka tsakaninka da wurin sujada, takalmi a leda kusa da ita, kuma kada ka sa waya caji a bango ka ba ta baya.

Addini ya sauƙaƙa wa matafiyi. A mazhabar Malikiyya tafiyar da ta kai wajen kilomita 80 ana yin ƙasaru: Azahar, La'asar da Isha raka'a biyu-biyu, Magariba da Asuba yadda suke. Ana farawa bayan an fita gine-ginen gari, kuma in ka yi niyyar zaman kwana huɗu a inda ka je sai ka cika. Akwai kuma rangwamen haɗa salloli biyu. Nemi bayaninsa wajen malaminka tun kana gida, ba a bakin titi ba.

A shingen jami'an tsaro cire abin kunne, ajiye waya, kada ka ɗauki hoto, hannunka a fili. Katin shaida ya kasance inda za ka zaro ba tare da ka buɗe lalita ba, shi ya sa yake da kyau ka riƙe kwafi a aljihun gaba. Amsa abin da aka tambaye ka kawai. In an ce a sauke jaka, kai za ka buɗe da hannunka kana kallo. Kwamfuta ko sabuwar waya a kwali, riƙe rasit.

Mota ta lalace, sauka ka tsaya nesa da kwalta, ba gabanta ko bayanta ba, ka tura saƙon inda kuke. Zauna cikin ayari. Idan gyaran zai kai dare, ku haɗu ku nemi direba ya mayar da kuɗin sauran hanya ko ya sa ku a motar 'yan tasharsu. Kada ka tare wata mota kai kaɗai don haushi. In direba yana gudun wuce sa'a ko yana gyangyaɗi, yi magana da ladabi da ƙarfi yadda wasu za su ji: "Direba, don Allah a sassauta, ba ma sauri." Yawanci kowa jira yake wani ya fara.

Tsakanin Kaduna da Abuja akwai jirgin ƙasa tun 2016, daga Rigasa zuwa Kubwa da Idu. Bayan harin 28 ga Maris 2022 an dakatar da shi, ya dawo a Disamban shekarar, kuma ana neman lambar NIN wajen sayen tikiti. In ka manta taka, *346# a layin da ka yi rajista da shi. Sayi tikiti ta intanet da wuri, da sunanka, ka bar na 'yan bayan fage. Idu tana wajen gari, saboda haka shirya abin hawa tun kana cikin jirgi. Haka jirgin Legas zuwa Ibadan, tasharsa ta Ibadan a Moniya take.

Sauka da masauki

Minti goman farko su ne ke nuna baƙo. Kada ka tsaya tsakiyar tasha kana waige-waige da waya a hannu. Ɗauki kayanka, ƙirga su, ka nufi wani shago ko masallacin tasha kamar ka san wurin, ka sayi ruwa, daga nan ka yi waya. Matambayi ba ya ɓata, amma a zaɓi wanda za a tambaya: mai shago, mai shayi, mai gadi, wato wanda ke da wurin zama. Wanda ya taso ya same ka da "ina za ka?" ba shi ba ne.

In ta Bolt, Uber ko inDrive ka kira mota, gwada lambar da fuskar direba da abin da ke wayarka kafin ka buɗe ƙofa. In tasi ko Adaidaita Sahu ne, a gama ciniki tukuna. A Abuja da Legas a kiyayi 'yan wan-cans: ƙaramar mota ta tsaya a bakin titi, gilashi mai duhu, mutum biyu ko uku a ciki, ɗaya ya fito don kai ka shiga tsakiya. Kada ka shiga, ko da mace a ciki. In kuma ka shiga aka fara hirar wasu daloli da ke but, ba da kai ake ba, nemi sauka a wuri mai jama'a. A Legas an hana acaɓa a ƙananan hukumomi irin su Ikeja, Surulere da Apapa tun Yunin 2022, kuma ana kama har fasinja. Bas ɗin BRT da katin Cowry ake hawa. Bahaushen da ya rasa madafa a kudu ya nemi unguwar Hausawa, Agege, Idi-Araba ko Mil 12 a Legas, Sabo a Ibadan da Shagamu, ya tambayi fadar Sarkin Hausawa ko limamin masallaci.

A otal, ga ɗaki kafin ka biya. Gwada sakata ta ciki, murɗa famfo, duba ragar taga, tambayi ƙarfe nawa ake kashe janareta, karɓi rasit. Ɗakin da ke ƙarshen lungu ko jikin mashaya, nemi a sauya. Lura da ƙofar fita ta biyu. Tura sunan otal da lambar ɗaki gida. Da dare bar makulli a jikin ƙofa, ka tokare ta da kujera. An ƙwanƙwasa aka ce ma'aikaci ne, kira masu karɓar baƙi ka tabbatar.

Ke kuma da lalura ta sa za ki yi tafiya ba muharrami, hukuncin wannan ki ji shi wajen malamai, ta fuskar hanya dai, ki bi motar safe, ki nemi zama kusa da wata mace, musamman dattijuwa, ki ce mata "Hajiya, tare muke." A wurin tsayawa ku je bayi tare. Kuɗi da waya a jakar ƙugu ƙarƙashin hijabi. Kada ki ba kowa lambarki don "a ji kin sauka lafiya". Wani ya matsa miki, kada kunya ta sa ki yi shiru. Ɗaga murya ki ce "Malam, gyara zamanka," ki nemi direba ya sauya miki wuri. Mai tarbarki ya riga ki isa tasha, ki kira shi tun saura awa ɗaya.

In za a tsallake iyaka

Riƙe fasfo mai sauran aƙalla wata shida, ko takardar tafiya ta ECOWAS, da katin rigakafin shawara, wato yalo kad. Allurar sai ta kwana 10 katin yake fara aiki, don haka ba abin yi ana gobe tafiya ba ne. Ɗan ƙasar ECOWAS yana zama kwana 90 ba biza a Benin, Togo ko Gana. Nijar ta fice daga ƙungiyar a Janairun 2025, saboda haka tambayi direbobin Maraɗi, Damagaram ko Ƙonni takardun da ake nema a makon da za ka tafi. Bi ta ƙofa, Jibiya, Kongolam, Illela ko Seme, a buga maka hatimi. Wanda ya bi ta ɓarauniyar hanya ba shi da bakin magana in an tare shi a ciki. Fasfonka kada ya shiga hannun ɗan kamashon iyaka, kai da jami'i ne.

Canji kaɗan a iyaka, sauran a cikin gari, kuma ka ƙirga a gaban mai canji kafin ka miƙa naka. Sefar Nijar, Benin da Togo ɗaya ce. Ta Kamaru da Cadi daban take, ba a karɓar wannan a kasuwar waccan. A kasuwannin Nijar da dala ake lissafi, dala ɗaya sefa 5: in an ce maka "ashirin" sefa 100 ake nufi, "ɗari" sefa 500, jaka guda 1,000. Agogon Gana da Togo yana bayan na Najeriya da awa ɗaya, ka gyara naka kafin ka yi alƙawarin mota.

Ranar komawa a sake komai daga farko, don a nan ake sakaci: an gaji, an saba, ga tsaraba ta ninka kaya. In sun wuce ɗauka ɗaya, ba da babban a ofishin tasha a matsayin saƙo, a rubuta maka rasit da lambar direba, kai ka tafi da jakunkunanka biyu. Zaro kuɗin nan da ka ɓoye a safa, ɗauki hoton sabuwar motar, ka tura wa mutuminka tare da lokacin da zai sa ran jin "mun wuce Zuba".